Inda Cuta Ta Ke Farawa

Wannan darasi naku ne, ku masu koyon aikin jiyya. An riga an koya muku yadda a ke gwada zafin jiki, da yadda a ke wanke miki a ɗaure, da yadda a ke yin allura. Duk wannan aikin bakin gado ne. Yau za mu bar gadon, mu fita ƙofar asibiti, mu bi majiyyaci har gidansu, mu ga abin da ya kawo shi.

A ƙasar Fagge, daf da Sabon Gari, akwai asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda mutanen Kano su ke kira Asibitin Zana. To, a ce kuna aiki a can da damina, sai aka kawo muku yaro ɗan shekara uku, yana amai da gudawa. Idonsa ya faɗa, in an ja fatar cikinsa ba ta komawa da sauri. Kuka ɗaura masa ruwa, bayan kwana biyu ya tashi yana neman abinci. Madalla. Uwarsa ta goya shi, suka koma gida. Ba a yi mako biyu ba sai ga ta kuma, wannan karon da ƙanwarsa.

Wanda ya san aikin bakin gado kaɗai, sai ya sake ɗaura ruwa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Wanda ya san kiwon lafiyar jama'a, shi ma zai ɗaura ruwan, amma in yarinyar ta sami sauƙi sai ya jawo kujera ya zauna kusa da uwar, ya ce, "Baiwar Allah, ina ku ke samun ruwan sha? Ina salgar gidanku ta ke? Ku nawa ne a gidan? Akwai wani kuma da ya kwanta a layinku?"

Abin da a ke nufi da kiwon lafiyar jama'a ke nan, watau duban unguwa ɗungum tun mutane ba su kwanta ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ƙwayar cuta ita ce ƙadangaren. Tsagar bangon kuwa ita ce ruwan da mutum ya ke sha, da ɗakin da ya ke kwana, da abin da ke cikin aljihunsa, da abin da ya sani, da wanda ya yarda da shi. Su za mu duba.

Ruwa da salga

Kwalara, da taifot, da atuni, da yawancin gudawar yara, hanyarsu ɗaya ce. Ƙwayar cutar tana fita cikin bayan gidan mai ciwo, ta shiga bakin mai lafiya. Maganar ba daɗin ji, amma haka ta ke. Ruwa ke kai ta, ko hannu, ko ƙuda, ko ganyen da aka ci ɗanye.

Masana sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da salga, watau kamar taki 40 na babban mutum. To, ku shiga gidan haya a Sabon Gari, ko tsohon gida a Fagge, ku ga ko za ku sami taki 40. Filin ƙarami ne, ɗakuna sun cinye shi. In ma mai gida ya nisanta tasa salgar, ta maƙwabcinsa tana nan bayan katanga. Da rani abin ya kan zo da sauƙi. Amma in ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, ruwan ƙarƙashinta ya taso, sai abin da ke cikin salga ya tsatsafa zuwa rijiya. Ruwan ga shi garau, ba wari, ba launi. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta.

Ga kuma rafin Jakara. Daga cikin birni ya ke tasowa, ya ratsa ta Fagge da gefen Sabon Gari, yana kwasar ruwan kwatoci da na mayanka. Can gaba rafin Getsi ya haɗe da shi, ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zarce tare zuwa madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. A bakinsa mutane suna noman rani, latas da kabeji da alayyafo, kayan kuma kasuwa su ke dawowa. Kada ku zagi mai lambun, abincinsa ya ke nema, ruwan da ya samu ke nan. Ku dai koya wa mata wanke ganye da ruwa mai kyau, abin da za a iya dafawa kuma a dafa.

Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa. Amma garin ya yi ta girma, ya fi ƙarfin bututun. Gidaje da yawa wurin 'yan garuwa su ke saye. Ɗan garuwa kuwa ba kullum a ke sanin inda ya ɗebo ba, balle ranar da ya wanke jarkarsa. Ko ruwan ya iso gida da tsabta, akwai sauran randa. Moɗa ɗaya ce, babba ya tsoma, yaro ya tsoma, a ajiye ta ƙasa, a sake ɗauka. Sau da yawa a nan ruwan kirki ya ke ɓaci.

Akwai wani likita a birnin Landan ta ƙasar Ingila, sunansa John Snow. A shekarar 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa tasu. A lokacin mutane suna tsammanin mugun wari ke kawo ta. Shi kuwa sai ya bi gida gida yana tambaya, yana rubuta inda kowane mamaci ya ke zaune, da inda ya ke ɗibar ruwa. Da ya haɗa lissafi, sai ya ga yawancinsu daga famfo guda su ke sha. Ya je ya gaya wa hukumar unguwar, aka cire hannun famfon. Ku lura, bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba. Kayan aikinsa tambaya ce da alƙalami, ku ma kuna da su.

Kafin uwar nan ta tafi, ku koya mata abu biyu. Ta tafasa ruwan sha, ko ta sa masa maganin kulorin, ta rufe. In gudawa ta kama yaro kuma, kada ta jira. Ta dama garin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwa lita 1. In babu shi, ta sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ta yi ta ba shi kaɗan kaɗan, kada kuma ta hana shi nono. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe mai gudawa.

Ɗaki da iska

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙin da suka biyo shi, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da wasu ƙasashe. Fagge ta girme ta nesa, don tun zamanin fatake nan ne masaukin ayarin raƙuma, bayan ganuwa. Turawan mulki kuwa suka keɓe tasu unguwar, da doka cewa a bar fili yadi 440 ba gini tsakaninsu da mutanen ƙasa, wai don kada sauro ya kai musu cuta. Su suka sami sarari da itatuwa. Sabon Gari kuwa aka yi mata iyaka, mutane suka yi ta ƙaruwa, filin bai ƙaru ba. Sai aka shiga tsaga gida ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da iyali guda, salga ɗaya, wurin wanka ɗaya.

Na kawo wannan tarihi ne domin ku gane, in kun ga mutum takwas a ɗaki ɗaya, ba ƙazanta ce ta tara su ba. Tsarin gari ne da kuɗin haya. Mai jiyyar da ya san haka ba ya yi wa majiyyaci tsawa.

Cunkoso shi ne abokin cututtukan da ke bin numfashi, tarin fuka, da ƙyanda, da sanƙarau. Sanƙarau da rani ya ke tashi. Ƙurar hunturu da bushewar iska su kan raunana hanci da maƙogwaro, ga mutane an cushe a ɗaki, taga a toshe. Ya kan tsananta da bazara, in ruwa ya sauka ya lafa. A 1996 ya yi ɓarnar da ba a manta ba. A Nijeriya mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin inda abin ya fi muni. Asibitin Zana ya cika har waje. Daga 2011 aka fara allurar rigakafin irin sanƙarau ɗin da ya fi yin annoba a ƙasashenmu, ya kuwa ja baya ƙwarai, ko da ya ke akwai sauran ire-irensa.

Sauro kuma kun san shi. Abu ɗaya zan ƙara. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rami ko a sawun mota, daga ƙwai zuwa mai fiffike kuwa kamar kwana 10 ne. A cike ramin kafin nan, a kwana cikin gidan sauro.

Aljihu da sani

Cuta ɗaya ta kan kama yara biyu, ɗaya ya tashi, ɗaya ya tafi. Ku duba hannun na biyun, sau da yawa za ku tarar tamowa ta riga ta cinye shi. Ku tambayi abin da a ke ba shi tun da aka yaye shi. In koko ne tsura safe da yamma, ku nuna wa uwar yadda za ta haɗa gero da waken suya da gyaɗa. Kada ku ce ta sayi abin da kuka san ba ta da kuɗinsa.

Ku tambayi kuma abin da ya sa aka daɗe ba a kawo shi ba. Wata za ta ce maigida ba ya nan, ba ta da izinin fita. Wata za ta ce sun fara zuwa kemis, don can za a ba su bashi. Wata ba ta san saurin numfashi alamar haɗari ba ce. Kowace amsa da irin maganinta, kuma ba a cikin kwalba ya ke ba.

Yarda

Wannan shi ne wanda littattafai ba su cika ambata ba, amma a Kano mun ga aikinsa da idonmu.

Cikin annobar nan ta 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, aka ba rabi sabon maganin, rabi wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Kamfanin ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an sa wani abu cikin ɗigon rigakafin shan inna, mutane da yawa suka gaskata, suna tuna 1996. Gwamnatin jiha ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai watan Yuli na 2004. Gwaje-gwaje sun nuna ɗigon lafiyarsa lau. Amma kafin nan cutar ta shanye ƙafafun yara masu yawa, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita.

Yaya aka gyara? Ba sabon magani aka kawo ba. Sarakuna suka shiga, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da malamai. Aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje, don su aka sani. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka fito suna yi wa iyaye magana. A 2014 aka ga na ƙarshen wanda asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano, a 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Afirka ta rabu da ita. An yi shekara goma ana ɗinke abin da ya yage cikin shekara guda.

Ba a kuma gama ba. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu kuwa yaran da ba a yi musu rigakafi ba ne, ko ba a cika musu ba. Alhali allurar tana nan kyauta, a mako 6, da mako 10, da mako 14 bayan haihuwa. Sabo da haka in uwa ta zo da katin da ya tsaya a allurar farko, kada ku ce da ita, "Ina kika shiga?" Ku ce, "Sannu da zuwa, uwar yara, gara da kika zo." Ku gaya mata sunan allurar, da cutar da ta ke karewa, ku faɗa mata gaskiya cewa jikin yaron zai yi ɗan zafi kwana ɗaya ko biyu. In kun ɓoye mata wannan, zafin ya zo, ba za ta dawo ba, kuma sai ta gaya wa duk matan gidansu.

Aikin wannan mako

Kowannenku ya sami littafi da fensir. Ku tafi biyu biyu, ku fara da gaida mai unguwa, ku gaya masa abin da ya kawo ku. In ya haɗa ku da ɗan rakiya, ku shiga gida biyar, mata su shiga ciki, maza su tsaya a zaure sai an yi musu iso. A kowane gida ku rubuta inda a ke samun ruwan sha, da kuɗin jarka guda, da yawan masu kwana a ɗaki, da yawan yaran da ba su kai shekara biyu ba, da inda katin kowanne ya tsaya. In akwai rijiya, ku auna da ƙafa daga bakinta zuwa salgar da ta fi kusa, ko da ta maƙwabta ce, ku rubuta taki nawa ne. Kada ku rubuta sunan kowa. Ku zo da littattafanku ran Litinin.