Audugar Funtuwa Da Masu Saye A Ƙetare

Tun zamanin BCGA, kamfanin Ingila da ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, audugar ƙasar nan take ƙetare teku, amma manomi bai san mai sayenta ba. Gama su shi ne aikin jam'iyyar 'yan kasuwar ƙasa biyu, kamar ta Nijeriya da Ingila, wadda aka kafa cikin 1977. Ita ba ta sayen ko buhu guda. Takan kai ayarin attajirai ziyara, ta shirya baje koli, ta bayyana dokokin kwastan, ta nuna wa masu jari inda riba take. To, amma baƙo ba ya cinikin kwando ɗaya. Sai manoma sun gama kai, sun tsince audugarsu tas, kana a kula su.