Darasi na Tara: Rubuta Tarihin Rayuwa, da Misali daga Sani Kaita, Ɗan Wasan Tsakiya

Gabatarwa

Tarihin rayuwa rubutu ne na zube da wani ke yi a kan rayuwar wani mutum na haƙiƙa, tun daga tasowarsa har zuwa ayyukan da ya yi fice a kansu. Da gangan aka zaɓi ɗan ƙwallon ƙafa ya zama misali a wannan darasi. Malamin da aka tura makaranta a Yelwa, ko Wara ta ƙasar Ngaski, ko Shanga, zai tarar da cewa yaran da bakinsu ke mutuwa idan an ce su faɗi tarihin wani sarki, su ne ke raba dare suna gardama a ƙofar gidan kallo a kan 'yan wasa. Ashe ke nan suna da labari a bakinsu. Abin da ya rage ga malami shi ne ya koya musu yadda ake auna labarin kafin a rubuta shi.

Aikin ɗan wasan tsakiya

Ba a rubuta tarihin mai sana'a sai an fahimci sana'arsa. Ɗan wasan tsakiya shi ne mahaɗa tsakanin masu tsaron baya da 'yan gaba. Akwai mai kai hari, wanda ke tsara wa 'yan gaba ƙwallo, akwai kuma mai tare hanya, wanda aikinsa shi ne ya ƙwace ƙwallo daga abokan karawa, ya toshe gurbi, ya miƙa wa wani. Wannan na biyun ba kasafai yake jefa ƙwallo a raga ba, don haka ba kasafai 'yan kallo ke kiran sunansa ba.

Ɗalibin da ya taɓa kallon tseren jirage a bikin Rigata na Yawuri zai gane wannan cikin sauƙi. Idon jama'a yana kan masu tuƙi da ke gaba, amma wanda ke zaune a ƙarshen jirgi shi ke riƙe da alƙibla. Muddin jirgi na tafiya daidai babu mai tunawa da shi. Ranar da jirgi ya karkace, shi kowa zai nuna da yatsa.

Taƙaitaccen tarihin Sani Kaita

An haifi Sani Kaita a Kano a shekarar 1986, kuma a ƙungiyar Kano Pillars ya fara yin suna a matsayin mai tare hanya a tsakiya. A shekarar 2005 yana cikin tawagar matasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 20 da Samson Siasia ya kai gasar duniya a ƙasar Holan. Tawagar ta kai wasan ƙarshe, inda Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1, Lionel Messi ya ci duka biyun da bugun fenariti. A waccan gasa John Mikel Obi ne ya samu kyautar ɗan wasa na biyu mafi ƙwarewa, alhali Kaita na bayansa yana share masa hanya. A shekarar ce ƙungiyar Sparta Rotterdam ta Holan ta ɗauke shi.

A 2008 ya sake bin Siasia zuwa wasannin Olamfik na birnin Beijin. Nan ma Nijeriya ta kai ƙarshe, nan ma Ajantina ce ta tare ta da ci ɗaya mai ban haushi, Kaita ya dawo gida da lambar azurfa. Daga nan ya koma Monaco mai buga gasar Faransa, wadda ta riƙa ba da shi aro ga ƙungiyoyin Rasha irin su Kuban Krasnodar da Alania Vladikavkaz.

Minti na 33

Ranar 17 ga Yuni, 2010, Nijeriya ta kara da Girka a birnin Bloemfontein, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Kalu Uche ya ci wa Nijeriya tun a minti na 16. A minti na 33 ƙwallo ta fita gefen fili, aka yi 'yar hatsaniya tsakanin Kaita da Vasilis Torosidis, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri. Alƙalin wasa, Oscar Ruiz ɗan ƙasar Kolombiya, ya ɗaga masa jan kati. Girka ta farke kafin a tafi hutun rabin lokaci, sa'annan Torosidis ɗin da kansa ya ci ta biyu. Wannan ce nasarar farko da Girka ta taɓa samu a gasar. Kaita ya nemi gafarar 'yan Nijeriya, amma duk da haka jami'an tawagar sun bayyana cewa an yi ta aiko masa da saƙonnin barazanar kisa.

Bayan haka ya ci gaba da wasa na tsawon shekaru a Yukiren, da Girka, da Saifurus, da gida Nijeriya a ƙungiyar Enyimba ta Aba, har zuwa ƙasar Finlan.

Abin da marubuci zai lura da shi

A nan ne darasin yake. Idan malami ya ce wa aji su rubuta tarihin Kaita, akasari za su fara da jan kati su ƙare da jan kati, tamkar a minti na 33 aka haife shi. Wannan labarin aukuwa guda ce, bai kai a kira shi tarihin rayuwa ba. Shi kuma wanda zai tsallake aukuwar saboda ƙauna ko kara ya koma maroƙi, domin kirari ne ke zaɓar abin yabo kawai. Kirari yana da matsayinsa a adabin baka, sai dai nau'insa daban ne.

Abu na farko shi ne ma'auni. Mutumin da ya buga wasan ƙarshe na duniya sau biyu cikin shekara uku, bai kamata sakin layi guda ya haɗiye wannan duka ba. Sai marubuci ya tambayi kansa: layi nawa na ba wa 2005 da 2008, layi nawa na ba wa 2010?

Na biyu, kuma shi ne ya fi wuya, shi ne zaɓen kalmomi. A dubi waɗannan jimloli: "Kaita ya fitar da Nijeriya daga gasar" da kuma "An kori Kaita a wasan da Girka ta ci Nijeriya." Ta farko hukunci ce, ta biyu bayani. Mai bincike zai gano cewa kafin wannan wasa Ajantina ta riga ta ci Nijeriya 1 da nema, bayansa kuma an tashi 2 da 2 da Koriya ta Kudu a Durban, wasan da Kaita bai buga ba, wanda aka ɓarar da damammaki a cikinsa. Babu shakka jan katin ya yi illa ƙwarai, amma aikatau irin su "jawo" da "haddasa" nauyi gare su, kuma sai da hujja ake ɗora su a kan mutum. Wannan ya ƙara zama wajibi idan wanda ake rubutu a kansa yana raye, yana da iyali da za su karanta.

Malami kuma ya hana ɗalibai cike giɓi da ƙage. Abin da ke zuciyar Kaita lokacin da ya ɗaga ƙafa ba ya cikin abin da aka gani a talabijin. Wanda ya rubuta shi ba tare da ya ji daga bakinsa ba ya shiga fagen ƙagaggen labari.

Jinga

1. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato a 1993, ya buga tsakiya da baya a Kano Pillars, ya samu lambar tagulla a Olamfik na Rio a 2016, ya kuma je gasar duniya ta Rasha a 2018. Tattara bayani ka rubuta tarihinsa a shafi biyu.

2. Zaɓi wani mai sana'a a garinku, kamar masunci ko maƙerin jirgi a bakin tafkin Kainji, wanda aka san shi da wata aukuwa guda. Da izininsa, tsara tambayoyi goma da za su fito da sauran rayuwarsa.