Me Ya Sa Ƙaguwa Ke Yar da Ƙafarta?

Yaran da ke kamun fara a gonakin gero na Maigatari da Gumel sun san cewa idan aka riƙe fara ta ƙafar baya, sau da yawa takan bar ƙafar a hannu ta tashi. Akan ɗauka ƙarfin riƙo ne ya tsinka ta. Ba haka ba ne, ita ce ta yar da abarta. Ɗaya daga cikin dabbobin da masana suka fi nazarin wannan hali a kansu ita ce ƙaguwa, wadda ta fi yawa a koguna da bakin teku.

Ƙaguwa tana da ƙafafu 10, har da biyun gaba masu kama da awartaki. A gindin kowace ƙafa, kusa da jiki, akwai wani siririn layi da ya zagaye ɓawon, kuma a nan kaɗai ƙafar ke rabuwa. Da zarar ƙafa ta ji mummunan rauni, sai jijiyoyi su kai saƙo ga wani curin jijiya da ke ƙirjin dabbar, shi kuma ya umarci tsokar da ke ɗaga ƙafar ta ja da ƙarfi har ɓawon ya tsage a kan layin. Wata tantani ce ke rufe wurin, shi ya sa jini ba ya zuba sosai. Daga baya wata ƙafar takan tsiro, ta bayyana idan ƙaguwar ta yi saɓa. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Léon Fredericq, shi ya raɗa wa wannan hali suna a 1883, ya kuma nuna cewa idan aka lalata curin jijiyar nan, ƙaguwa ba ta iya yar da ƙafa.

To, yaya saƙo ke tsallakawa daga wata jijiya zuwa wata, alhali ba a haɗe suke ba? Akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma sinadari ne ke ƙetare shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai shi ne asetilkolin. Da ya isar da saƙo, sai wani sinadarin ya rushe shi nan take, don kada jijiya ta ci gaba da amsa saƙon da ya riga ya wuce.

A 1939 Welsh da Haskin, masana a Amurka, suka gwada wannan a kan wata ƙaramar ƙaguwar teku mai saurin yar da ƙafa. Hikimar gwajin ita ce sakamakonsa abin ƙirgawa ne: ƙafa ta faɗi, ko ba ta faɗi ba. Asetilkolin yana sauƙaƙa faɗuwar ƙafa. Aturofin kuwa, wanda ke toshe gurbin da asetilkolin ke sauka, yana rage ta. Ke nan ba ƙarfin ɓawo ke yanke hukunci ba, jijiya ce.

Waɗannan magunguna ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Aturofin yana cikin zaƙami da danginsa. Akwai kuma esarin, wanda aka fara samu daga waken Kalaba, aikinsa shi ne hana a rushe asetilkolin, sai ya taru, jijiya ta yi ta harba saƙo babu tsayawa. Irin wannan aiki ne fiya-fiya ke yi, wanda wasu ke zubawa a buhunan wake ko su fesa a ɗaki. Abin lura shi ne, bai san bambancin ƙwaro da ƙaguwa da ɗan Adam ba, domin dukkansu suna amfani da asetilkolin. Maganin da ke jikin gidan sauro hanyarsa daban ce, jikin jijiyar yake rikitawa, amma shi ma an sha ganin sauron da ya sauka a kansa ya bar ƙafa.

Mutumin da fiya-fiya ya shiga jikinsa yakan yi ta dalalar da miyau, ya yi gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi masa wuya. Allurar da likita zai fara yi masa ita ce aturofin, wato maganin da ya rage wa ƙaguwa yar da ƙafa. Sai dai a asibiti auna shi ake yi daidai da halin maras lafiya. Zaƙami ba shi da awo, guba ne shi ma.