Sama Ma Tana Da Iyaka: Darasi Ga Masu Burin Ƙera Jirgi



A hutun da ya wuce na je gida Ɗambatta, na tarar yayana, wanda ke sana'ar walda a bakin titin Daura, ya tayar da wani ƙwarangwal na ƙarfe a bayan shagonsa. Ashe babur ɗinsa ya sayar ya sayi injin tsohuwar mota. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce, "Jirgi ne. Ranar da ya tashi, Damagaram zan fara zuwa gaida Inna. A sama ai ba shingen Kwangwalam. Kai ne ɗan boko, bincika mana." Dariya na yi, amma kuɗin mutum ne da ransa, don haka na zauna na bincika. Ga abin da na samo, musamman don mu 'yan sashen injiniya da ke neman aikin kammala difloma.

Da farko, burin ba hauka ba ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci, labarin ya zaga duniya. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka haɗa shi, bisa tsarin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, irin wanda mutane ke saye gunduwa-gunduwa su haɗa a gida. Sai dai tashi daban, tsallaka iyaka daban.

Tushen dokar shi ne Yarjejeniyar Shikago ta 7 ga Disamba, 1944, wadda ta haifar da hukumar ICAO. Sashe na 1 ya ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin samaniyar da ke bisa ƙasarta. Wato shingen Kwangwalam yana nan a sama, ganinsa ne kawai ba a yi. Mun shaida haka a watan Agustan 2023, lokacin da Nijar ta rufe samanta bayan juyin mulki, har manyan jirage suka riƙa zagaye.

Sashe na 29 ya lissafa takardun da dole su kasance cikin jirgin da zai fita waje: shaidar rajista, shaidar lafiyar jirgi, lasisin matuƙi, littafin tafiye-tafiye, lasisin rediyo, da sunayen fasinjoji da lissafin kaya in akwai. A nan hukumar NCAA ce ke rajista, ta ba ka lamba mai farawa da 5N. Ta Nijar da 5U take farawa.

To, a nan gizo ke saƙar. Sashe na 33 ya wajabta wa ƙasashe amincewa da shaidar lafiyar jirgin juna, amma sai in ta cika ƙa'idojin ICAO. Jirgin da aka ƙera a gida bai bi ta gwajin da ake yi wa na kamfani ba, saboda haka takarda ta musamman ake ba shi, wadda ƙarfinta ke ƙarewa a iyakar ƙasar da ta bayar. Sashe na 40 kuwa ya ce jirgin da bai cika ƙa'idojin ba ba zai shiga wata ƙasa ba sai da izininta. Ko ratsawa kawai za ka yi, sai ka roƙa. A Turai ma sai da ƙungiyar hukumomin jiragensu ta ba da shawara a 1980 cewa su riƙa karɓar irin waɗannan jirage a tsakaninsu, kuma har yau kowace ƙasa da nata sharaɗin.

Ga misali daga nahiyarmu. A 2019 matasa 20 a Afirka ta Kudu suka haɗa jirgin Sling 4 mai kujera huɗu, aka tuƙa shi har Alƙahira. Jirgin lafiyarsa ƙalau, amma Kenya ta hana su izinin shiga, dole suka sauya hanya.

Don haka in da gaske Yaya zai je Damagaram, ga matakan:

1. Ya tuntuɓi NCAA tun kafin aikin ya yi nisa. Mai dubawa yana son ganin zane, da kayan da aka yi amfani da su, da kowane mataki a rubuce.
2. Ya sami lasisin tuƙi. Kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyarwa.
3. Ya rubuta wa hukumar ANAC ta Nijar, ya haɗa da takardunsa da inshora, ya jira amsa a rubuce.
4. Ya miƙa tsarin tafiyarsa aƙalla minti 60 kafin tashi. NAMA ce ke kula da zirga-zirgar sama a nan, ASECNA a can.
5. Ya tashi kuma ya sauka a filin da ke da kwastan da jami'an shige-da-fice, kamar na Malam Aminu Kano. Ba daga gonar gero ba.

Wanda ya tsallake waɗannan, a halin tsaron da ake ciki, kamu shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi.

Masu haɗa jirgi maras matuƙi don aikin kammala karatu, ku ma kar ku ce bai shafe ku ba. Tun 2016 NCAA ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Ku sa malamin da ke duba aikinku ya shige muku gaba tun wuri.

Da na karanta wa Yaya duk wannan, shiru ya yi, can ya ce, "Ashe takarda ta fi fiffike nauyi." Bai fasa ba. Ya lulluɓe ƙwarangwal ɗin da tamfol, ya ce in rubuta masa wasiƙar neman bayani zuwa NCAA da zarar mun gama jarrabawa. Inna kuwa, a mota muka je muka gaishe ta.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.