Amsoshin Tambayoyinku: Hoton Gajimaren Taurari

Wani mai sauraronmu daga Kibiya ya aiko yana tambaya ko kyamarar da yake ɗaukar hoton biki da ita za ta iya kamo gajimaren taurari.

To Malam, za ta iya, kuma kun fi mutanen birnin Kano sa'a, domin hasken lantarki bai cinye muku duhun dare ba. Ka fara da gajimaren Oriyon. Nemi taurari uku da ke jere gabas da Kaza da 'Ya'yanta, kudu da su kaɗan za ka ga wani ɗan haske dishi-dishi. Iskar gas ce da ƙura inda ake haihuwar sababbin taurari, haskensa kan yi fiye da shekara 1,300 kafin ya iso idonka. Henry Draper ya fara ɗaukar hotonsa a 1880.

Lokaci shi ne babban abu. Ka fita a watan Nuwamba, kafin hazon hunturu ya yi kauri, a ƙarshen watan Musulunci da babu farin wata. Kan duwatsun Rano ma ya yi, amma ka tafi da abokin tafiya.

Kafa kyamarar a kan ƙafa uku, ka sa ISO 1600, ka bar idonta a buɗe daƙiƙa 5 kacal. In ka zarce, juyawar duniya za ta mai da taurarin zare-zare. Ɗauki hotuna kamar 100, manhajar DeepSkyStacker ta kyauta ta haɗe maka su a kwamfuta, sai jan launin gajimaren ya fito.