Bulalar da ke Gajiyar da Zuciya

Ɗalibai, duk wanda ya ja guga a rijiyar Kusugu sau biyar ko shida ya san yadda ƙirji ke bugawa da sauri. To, wa ya gaya wa zuciya ta ƙara azama?

A 1921 Otto Loewi, wani malami a Graz ta ƙasar Ostiriya, ya ciro zukatan kwaɗi biyu ya sa kowace cikin ruwan gishiri. Ya taɓa jijiyar saƙo ta zuciyar farko da lantarki, sai ta rage gudu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyun, ita ma ta rage. Ashe jijiya wani sinadari take fitarwa, shi ne asitilkolin, linzamin zuciya. A 1946 Ulf von Euler na Suwidin ya gano wanda ke zaburar da ita, noradirenalin. Wannan shi ne bulala. Ubangiji ya haɗa mu da duka biyun.

In jijiyar jini mai ciyar da zuciya ta toshe, wani ɓangaren naman zuciyar ya mutu, ko kuwa zuciyar ta raunana ta kasa harba jini, jiki sai ya yi ta zubo noradirenalin dare da rana. Jakin da ya gaji, in ka dame shi da duka zai yi 'yar tafiya, amma faɗuwa zai yi. A 1984 Jay Cohn a Amurka ya nuna cewa masu gazawar zuciya da wannan sinadari ya fi yawa a jininsu sun fi saurin mutuwa.

James Black na Birtaniya ya ƙirƙiro magani mai tare bulalar, amma likitoci sun daɗe suna tsoron ba mai raunin zuciya, kada ta tsaya. A 1975 likitocin Gotenbag a Suwidin suka gwada kaɗan-kaɗan, marasa lafiya kuwa suka sami sauƙi. Yau dangin wannan magani na cikin manyan magungunan ciwon.

Kada mu ɗauka ciwon Turawa ne. A 1978 Davidson da Parry suka ba da rahoton mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza lokacin jego, suka zargi kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na gagararta in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar.