Su wa ke wallafa bincike kan harsunan tsibiran Fasifik?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ne ya aiko da wannan tambaya. To, Malam, ka taɓo babban fage, domin Papua New Guinea kaɗai tana da harsuna sama da 800, Vanuwatu kuma fiye da 100.

Cibiyoyi biyu ne suka yi fice. A 1962 George Grace ya kafa mujallar Oceanic Linguistics, wadda maɗaba'ar Jami'ar Hawai take fitarwa har yau. A 1963 kuma Stephen Wurm ya assasa Pacific Linguistics a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera. Ita wannan ta buga ɗaruruwan littattafai, nahawu da ƙamusoshi, wasunsu na harsunan da masu magana da su ba su wuce 'yan ƙauyuka ba. Daga baya kamfanin De Gruyter na Jamus ya karɓi aikin bugawar.

Sai dai fa akwai abin dubawa. Akasarin rubuce-rubucen da Turanci ake yi, ga tsadar littattafan, don haka ba kasafai suke isa hannun masu harshen ba. Abin da ya ɗan kawo sauƙi shi ne sa tsofaffin littattafan Pacific Linguistics a intanet kyauta.